Telan 'Yan Tsumma

A Titi na 116 a Harlem, wurin da mutanen Afirka ta Yamma suka mayar kasuwarsu, akwai wani ɗan shagon ɗinki da ya maƙale tsakanin mai turaren wuta da gidan abincin wata 'yar Senegal. Mai shagon sunansa Mahaman, mutumin Damagaram, siriri mai furfura a gemu, wanda ba ya ɗaga murya ko an ɓata masa rai. A kasuwar Dole ta garinsu ya koyi ɗinki tun yana ƙarami, ya yi 'yan shekaru a Abidjan, daga can ya faɗo New York a farkon shekarun 1990 da almakashinsa a cikin jaka. Duk wanda ya taɓa neman ɗinkin sallah a unguwar ya san ƙofarsa. Abin da mutane ba su sani ba, a shekarar da wannan labari ya faru, shi ne idon Mahaman ya fara tafiya.

Likita ya gaya masa gaskiya ba kwana-kwana. Ciwon ya riga ya ci jijiyar ido, abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa sai dai ya tsare ragowar. Farar shadda da rana tsaka yana iya lallaɓawa. Amma baƙin zare a kan baƙin yadi, ko ya kai shi bakin hancinsa ba ya rabe ɗaya da ɗaya. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa Habsatou, wadda take ɗinkin mata a keken da ke ƙuryar shagon. A ganinsa, ranar da maganar ta fita, ranar ya tashi daga tela. A layin kaɗai akwai teloli 'yan Senegal da 'yan Gini masu ido garau, kuma ba wanda zai ɗauki shaddarsa mai tsada ya miƙa wa wanda ba ya gani.

Ana cikin haka sai ga kwali daga Ingila. Tun kafin ya buɗe ya san abin da ke ciki. Ya sa hannu ya shafa: kwat uku, baƙaƙe wuluk.

Labarin rigunan nan ya faro ne a 1997. A lokacin Mahaman bai daɗe da kama shagon ba, Turancinsa bai wuce na gaisuwa da ciniki ba. Yana da aboki Wahab, ɗan zangon Kumasi mai Hausar Gana, mai wata tsohuwar motar ɗaukar kaya da yake jigilar makaɗa da ita daga filin jirgi. Wahab mutum ne mai kirki, sai dai bakinsa ba ya rufuwa. Idan ana so magana ta zagaye Titi na 116 kafin la'asar, shi ake gaya wa da hantsi, a ce masa sirri ne.

Wata ranar Laraba Wahab ya shigo shagon da Turawa huɗu, maza uku da mace ɗaya, 'yan wani gari mai masana'antu a arewacin Ingila. Ƙungiyar kiɗa ce mai suna Ninth Allotment, masu bin sawun irin kiɗan nan na samarin Ingila da ake kira pank, wanda rabinsa ihu ne, rabinsa dukan gita da ganga kamar an yi musu laifi. Ba wanda ya san su a Amurka. Sun zo ne su gwada sa'a a 'yan ƙananan gidajen rawa. Dogon cikinsu, Declan, shi ne mawaƙin. Stuart na kaɗa gita, Bronwen na riƙe da babbar gita mai kaurin murya, Clive kuma, wani gajere mai fara'a, shi ne mai ganga.

Dukkansu sanye suke da baƙaƙen kwat na gwanjo, kuma Mahaman bai taɓa ganin tufa a irin wannan hali ba. Gwiwar hannu a waje, ƙeya a tsage, aljihu na lilo, an kama nan da can da fil kamar an ɗaure buhun gawayi. Declan ya tuɓe tasa ya nuna masa aljihun ciki guda ɗaya da ya huje, wanda ƙananan kayansa ke zubewa ta ciki. Shi kaɗai yake so a gyara. Mahaman ya gane sarai. Da yake ana zafi, sauran ma suka tuɓe nasu suka jibge a kan tebur, suka ce gobe sa dawo, suka bi Wahab cin abinci.

Mahaman ya gyara aljihun, sannan ya tsaya yana duban tarin. Tausayi ya kama shi. Ga yara baƙi, nesa da iyayensu, talauci ya hana su ko faci. Shi ma ya san zaman baƙunta. Ban da haka, maigidansa na kasuwar Dole ya hore shi cewa rigar da ta kwana a shagonka, idan ta fita, sunanka take ɗauke da shi. Yaya za a ga mutane sun fito daga ƙofarsa da gwiwar hannu a waje? Sai ya yi niyyar sadaka. Ya cire fil ɗin ɗaya bayan ɗaya ya tara a gwangwanin madara don ya mayar musu da kayansu. Ya ɗinke kowace yagewa da baƙin zare, ɗinkin da sai an kai ido kusa ake ganewa. Ya sa maɓallan da suka ɓace, ya wanke, ya goge, ya rataye su reras.

Da suka dawo washegari, Declan ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗora hannu biyu a ka. Ya yi ta zuba Turanci, fuskarsa ta yi ja har wuya. Clive kuwa dariya ta kayar da shi, ya zauna a ƙasa yana dukan cinya.

Mahaman ya dubi Wahab. “Me yake cewa? Ka gaya masa ba sai ya biya ba, don Allah na yi.”

“Massa, ka kashe ni!” in ji Wahab. “Ya ce tun hunturu yake yagan rigan nan da hannunshi. Yagewan shi ne ado!”

“Wane irin ado? Haƙarƙarinsa ake gani.”

“Shi ne adon kraa, gaba ɗaya! Haka suke so. Yau za su yi wasa, ka mai da su kaman masu zuwa jana'iza.”

“To ka ce masa ya yi haƙuri. Ga ƙarafunansu nan, ban zubar ba.”

Da ya miƙa gwangwanin madarar, har Bronwen, wadda tun shigowarta ba ta yi murmushi ba, sai da ta juya baya kafaɗunta na rawa.

Ba lokacin sake yaga riguna, haka suka hau dandamali a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a kudancin Manhattan, tsaf-tsaf kamar ma'aikatan banki. Wahab ne ya kawo labarin yadda aka ƙare. Da farko 'yan kallo dariya suka yi ta yi. Haushi ya ƙara cika Declan, ana tsakiyar waƙa ya damƙi hannun rigarsa ya fizge shi daga kafaɗa ya yi jifa da shi. Ɗakin ya ɗauki ihu. Sauran ukun suka ga abin ya karɓu, su ma suka bi. Da gari ya waye sai ga Declan a shagon, kunya-kunya, da kwat huɗu a kafaɗa da hannuwan riga a cikin leda. Ya ajiye a tebur ya faɗi kalmar da ko Mahaman bai nemi tafinta ba: a mayar.

Daga nan abin ya zama alamarsu. Su hau a shirye kamar masu zuwa ɗaurin aure, su sauko a yayyage. Mahaman ya sa musu suna 'Yan Tsumma, sunan ya bi su a duk layin. Kuma da yake shi mutum ne da ba ya son asarar yadi, sai ya zauna ya yi wa aikin dabara. Idan an ɗinke kafaɗa da ƙarfi, yadin ne ke yagewa, rigar ta lalace. Sai ya riƙa haɗa hannu da kafaɗa da siririn zare, taku mai faɗi, yadda zai riƙe mutum yana tsalle yana wurgi da hannu, amma da an fizga da niyya ya buɗe a kan layin ɗinki, yadi bai ji komai ba. Kafin ya dace da daidai sai da ya ɓata riguna da dama na gwaji, Wahab na sawa yana fizga a tsakar shago, masu wucewa na leƙe.

Bayan sun koma Ingila, kwalaye suka fara zuwa. Mahaman ba ya karanta jaridun kiɗa, ba ya kuma sauraren tashoshin da ake sa waƙoƙinsu. Daga rigunan yake sanin halin da suke ciki. Shekarun farko gwanjo ne, suna warin taba da giya da gumi, sai ya shanya su a igiya a bayan shago sun sha iska kafin ya taɓa, kuma ba ya salla da kayan da ya yi aikinsu. Sai kwalayen suka fara zuwa a kai a kai, da tambarin Jamus, da na Japan, da na Brazil. Sai gwanjon ya ɓace, aka koma ulu mai laushi wanda in ka matse a hannu ka saki ba ya tanƙwarewa. A nan ya gane yaran sun samu duniya. Faifansu na biyu ne, in ji Wahab, ya shiga ko'ina, har a kantunan sayar da takalma ana jin muryar Dogo Declan.

A masallaci ba a bar shi ya huta ba. Ana fitowa daga Juma'a wani zai ce, “Ina telan mahaukata? Yau ba a kawo tsumma ba?” Wani dattijo ma ya taɓa jan sa gefe ya tambaye shi ko ya dace ya riƙa yi wa masu kiɗan shaiɗan aiki. Mahaman ya ce, “Baba, ni yadi nake ɗinkawa, waƙar ba ta bi ta kekena ba.”

Duk zuwan da suka yi New York sai sun biyo ta shagon, ko da manyan motoci na jiransu a waje. Shi kuma yakan kai musu rigunan da kansa bayan azahar, lokacin da suke gwada kayan sauti, ɗakin ba kowa sai ma'aikata. Bai taɓa tsayawa wasan kansa ba. Ihun Declan bai taɓa shiga kunnensa ba, ya kuma gaya masa haka. Amma gangar Clive, wannan kam yakan tsaya ya saurara. Akwai wani sauri da take yi, ta ja baya, ta sake afkowa, wanda ke tuna masa da kiɗan 'yan kokawa a filin Damagaram idan an kusa kaye. Da ya gaya wa Clive, sai da ya sa aka nemo masa kaset ɗin kokawa, ya tafi da shi Ingila yana murna kamar an ba shi doki.

Yadda rigunan suka kawo labarin hawa, haka suka kawo na gangara. Kwat ɗin Declan ta fara yi masa yawa, Mahaman ya rage ta, ya sake ragewa, yana samun ƙunar taba a wuraren da mai hankalinsa ba zai ƙona ba. Wata shekara kwalin ya zo da riguna uku, babu ta Stuart. An yi faɗa a kan wanda ya rubuta wace waƙa, ya kama gabansa. Faifai na gaba bai yi kasuwa ba. Tambarin ƙasashe ya ragu, aka koma ƙananan garuruwan Ingila. Daga baya kwalin ya daina zuwa gaba ɗaya, sai Wahab ya shigo da labarin ƙungiya ta watse.

A shekarun shirun nan Clive ya taɓa zuwa shi kaɗai. Ya yi ƙiba, gashinsa ya zube, yana koyar da yara kiɗa a wata makaranta. Ya zauna a bencin masu jira ya sha shayi kofi biyu, ya ci kilishi har yaji ya sa shi hawaye, yana ƙwanƙwasa teburin yanka da yatsu ba tare da ya sani ba. Ba abin da ya kawo a ɗinka. Ya ce ya zo ne kawai ya ji ƙarar keken. Bayan shekara biyu Declan ya bugo waya ya ce zuciyar Clive ta tsaya. Mahaman ya yi masa ta'aziyya da Turancin da yake da shi, da ya ƙare masa ya ƙarasa da Hausa, Declan kuma bai katse shi ba.

To, ga shi yanzu kwali ya sake zuwa bayan shekaru masu yawa. Da yamma wayar ta biyo baya. Muryar Declan ta dushe amma ta nutsu. Ya daina sha tuntuni, sun shirya da Stuart, za su yi zagayen ban kwana su uku, da wani mai ganga na haya, kuma a New York za su rufe, wata mai kamawa. Rigunan tsofaffin ne, tun wasan ƙarshe suke ajiye a yage. Kowa jikinsa ya canja, sai an buɗa nan an rage can.

“Mista Mahaman,” in ji shi, “ba wanda zai taɓa su sai kai. Ba wanda ya taɓa taɓa su sai kai.”

Mahaman ya buɗe baki ya faɗi gaskiya, sai ya ji kansa yana cewa, “To. Ba damuwa.”

Ya jawo kujera bakin ƙofa inda rana ta fi haske, ya ce wa Habsatou iska yake sha. Zura zare a allura kaɗai ya zame masa aiki. Ya yi da lalube, ya yi da tsohon sanin da ke cikin yatsunsa, yana ɗinki yana addu'a. Ranar farko almakashi ya ɗan ci gefen yadi a kwat ɗin Stuart. Ya ɓoye wurin a cikin lanƙwasa. Bayan kwana kaɗan ya gama hannun rigar Declan, ya rataye, ya tafi sallar azahar da ɗan sanyi a ransa.

Da ya dawo ya tarar da Habsatou tsaye da rigar. Ta zura hannunta a hannun kwat ɗin, ya tsaya a rabi. Ashe Mahaman ya haɗa shafin ciki da na waje ya ɗinke hanyar ruf.

“Malam,” ta ce, “wannan Baturen naka, hannun nasa ya guntule ne?”

“Wa ya ce ki taɓa? Tun yaushe kike taɓa kayan maza a shagon nan?”

“Tun azumi.”

Ya dafa teburin yanka.

“Tun azumi nake riga ka zuwa da safe,” ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji. “Wandon Alhaji Souley na ofishin jakadanci, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, ni na warware na mayar. Kaftanin limamin masallacin Soundview, aljihun a karkace, ni na daidaita. Maganin da kake ɗigawa a bayi kana ce mini kwalli ne, ka ɗauka ban iya karanta kwalba ba? Shekara nawa na yi ina kula da tsofaffi a Bronx kafin in zauna a keken nan?”

“Shi ne kika bar ni ina ta wauta a gabanki.”

“Jira nake ka faɗa da bakinka. Ka ƙi.”

Mahaman ya ɗauki hularsa ya fita. Ya bi titin har bakin lambun Morningside, ya zauna a benci, ransa a ɓace, bai san ko da ita yake fushi ba ko da idon. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, duk yabon da aka yi masa a ɗinkin sallar bana, ashe rabinsa ba nasa ba ne. Sai da aka kira la'asar ya tashi. Bayan salla ya koma shagon, ya ɗauki kwat ɗin Declan ya ajiye a kan kekenta, ya jawo kujerarsa kusa da tata.

Haka suka yi aikin, ita ido, shi yatsu. Ta warware abin da ya ɓata, ta gyara inda almakashi ya ci. Ɗinkinta mai tsabta ne, shi ya koya mata tun suna sabon aure a ɗakinsu na unguwar Mount Hope a Bronx, amma bai taɓa zama ya bi layinta da ɗan yatsa ba sai yanzu. Da ta haɗa kafaɗar farko ta miƙa masa, ya shafa, ya ja, ya girgiza kai.

“Ya yi ƙarfi.”

“Ƙarfi kuma laifi ne?”

“Wannan ko ɗan dambe ba zai fizge shi ba. Warware. Siririn zare, ki buɗa taku.”

“Wai in yi ɗinkin banza da gangan? Ni Habsatou?”

“Ba na banza ba ne, Hajiya. Na yagewa ne. Ya fi wancan wuya.”

“Ikon Allah. Mutane da furfurarsu, a ɗinka musu su yaga.” Ta kama warwarewa tana ƙunƙuni. Sai da ta yi sau uku kafin ya ja ya ji abin da yake nema, wato riƙon da ke jiran a fizge shi. Ranar suka yi dariyar da suka daɗe ba su yi ba.

Ranar wasan, Wahab ya zo da motarsa bayan azahar. Ya ga Habsatou ta fito da mayafi ta shiga baya da rigunan a cinya, ya ɗaga gira.

“Ei, Hajiya ma za shi gidan rawa? Chale, abokina, duniya ya ƙare.”

“Tuƙa motarka, Ɗan Kumasi,” in ji Mahaman.

Wani babban ɗaki ne a Brooklyn, kujeru ba kowa, ma'aikata na jan wayoyi. Mahaman ya ji muryar Declan kafin ya gane inuwarsa. Suka rungume juna. Dogon ya ranƙwafa, Stuart ya yi tumbi, Bronwen ta yi fari fat a ka, in ji Habsatou da take raɗa masa abin da take gani. Kowa ya sa rigarsa. Declan ya wurga hannu sama, ya juya kafaɗa, ya ɗan ja hannun rigar kaɗan ya ji yadda ya amsa, sai ya yi wata dariya irin ta da.

“Ba abin da ya canja,” ya ce. “Mu duk mun tsufa, hannunka kaɗai ya ƙi tsufa. Yau kafin waƙar ƙarshe zan gaya wa mutanen nan sunanka. Tun farko ya kamata in yi.”

Habsatou ta sunkuyar da kai tana gyaran mayafi. Mahaman ya san ba za ta taɓa cewa komai ba, ko yau ko gobe. Ya san kuma Wahab na tsaye a bayansa da kunnuwa a buɗe. In ya yi shiru, ya tsira da sunansa, wataƙila har wata sallar. Tsoro ya kama shi kamar ranar da ya fara yanka shaddar wani.

“Declan,” ya ce da Turanci, a hankali, “ba hannuna ba ne. Idona ya tafi. Baƙi ba na ganinsa sam. Ko fuskarka yanzu ba na gani sosai. Matata ce ta ɗinka, ni na zauna kusa da ita.”

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙugin wata na'ura. Sannan Declan ya kama hannun Mahaman ya riƙe da nasa biyu, ya juya wajen Habsatou ya ɗan rusuna, ya tambayi yadda ake faɗin sunanta daidai, don ya faɗa a dandamali.

Habsatou ta zabura. “Me? Malam, ka gaya masa kada ya kuskura! Sunana a gidan giya, a lasifika? In matan Mount Hope suka ji, ina zan sa kaina? Ya yaga rigarsa lafiya, ya bar ni.”

Da aka fassara, Bronwen ce ta fara fashewa da dariya, sauran suka bi. Aka rabu a kan Declan zai ce a gode wa wani shago a Harlem, ba suna.

A hanyar komawa, har suka hau gada Wahab bai ce uffan ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka san shi. Mahaman ne ya katse shirun.

“Ɗan Kumasi, ka gaya musu.”

“Ni? Massa, wallahi bakina a kulle. Ko matana ba zai ji ba.”

“Za ka faɗa, ni da kai mun sani. Gara su ji a bakinka da su gani a rigunansu. Amma ka faɗa daidai. Ido ne ya tafi, shago na nan, Hajiya na nan.”

Wahab ya share fuska da bayan hannu ya ce hayaƙin motoci ne ya dame shi.

'Yan Tsumma sun yi wasansu, ɗakin ya cika har waje. An ce Declan ya fizge hannun riga a waƙar ƙarshe ya buɗe tsaf a kan layi, ya jefa wa 'yan kallo, sauran ma haka. Ƙungiyar ba ta sake hawa dandamali ba.

Maganar ido kuwa kafin Juma'a ta gama layin. Wasu sun zo jaje kamar an yi rasuwa, suka zauna suka yi addu'a, daga ranar kuma suka koma wajen 'yan Senegal da yadinsu. Mahaman bai riƙe su a rai ba, ya ce shi ma da haka zai yi. Wasu 'yan kwanaki shagon ya yi shiru har yana jin ƙarar agogon bango.

Ana saura 'yan makonni babbar salla, Alhaji Souley na ofishin jakadancin Nijar ya shigo da leda a hannu. Ya gaisa, ya tambayi jiki, ya tambayi gida, ya sake tambayar jiki, ledar na hannunsa ya kasa ajiyewa ya kasa fita da ita.

“Alhaji, kawo in ji,” in ji Mahaman.

Ya zaro yadin ya murza tsakanin yatsu, ya kai kusa da kunne ya ji ƙararsa. “Shadda ce mai kyau. Wane launi?”

“Shuɗi mai duhu,” in ji Alhaji Souley. Ya yi gyaran murya. “Bon, Mahaman, kada ka ji wani iri. An ce wai wandon nan nawa na azumi...”

“Hajiya ce ta gyara shi.”

“To ai ban taɓa sa wandon da ya zauna mini kamarsa ba.”

“Ka ji, Hajiya?” Mahaman ya ɗaga murya wajen ƙurya. “Shekara ashirin ina yi masa ɗinki, yau ya zo har shagona ya gaya mini wannan.”

“Na ji,” in ji Habsatou, ba ta ko tsayar da keken ba. “Ka auna shi, ka bar surutu. Alhaji ne zai karanta maka lambar.”

Mahaman ya ciro tef daga wuyansa ya miƙe. “Ɗaga hannu, Alhaji. Kuma ka faɗi gaskiyar abin da ka gani a wajen tumbin nan, kada ka rage.”